Daga Akawun Guri: Mai Inji, Auna Manka Kafin Ka Nemi Taimako

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in gana da 'yan'uwana masu karatu, tun ba masu injuna na ƙasar Haɗejiya ba. A wasiƙata ta makon jiya na yi zancen kachala da yadda ta ke toshe mana hanyar ruwa a rafin Marma, na kuma yi alkawari a ƙarshe cewa wannan makon zan taɓa zancen mai da wuta. To, alkawari kaya ne, ga shi na zo in sauke.

Waɗanda suka daɗe suna karanta wasiƙuna sun san ni akawu ne, ina riƙe da littafin kuɗi na wani ƙaramin gidan casar shinkafa a nan Guri. Idan an ce masana'anta, hankalin mutane ya kan tafi Bompai da Sharaɗa da Chalawa na Kano, inda a ke ganin dogayen gine-gine da manyan motoci suna shiga suna fita. Mu tamu masana'antar ba ta kai can ba, amma ita ce ke ci da mu. Ga injin casa, ga injin niƙa da na markaɗe, ga mai walda, ga mai ƙanƙara, ga injin ban ruwa a fadama, ga mata masu gumi, ga masu bandar kifi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai abin da ya ke ci kafin ya ba mai shi abinci: wani gas, wani fetur, wani lantarki, wani itace. Tun da aka rufe kan iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, shinkafar waje ta yi wuya, injunan casa suka yawaita a wajenmu, har ƙauyen da dā ba a san komai ba sai turmi da taɓarya ya sami nasa. An sake buɗe iyakokin daga ƙarshen 2020, amma injunan suna nan, kowanne da bakunan da ya ke ciyarwa.

Abin da ya sami mai inji kuwa ba ɓoyayye ba ne. A farkon 2022 litar man dizal, wanda mu ke ce wa gas, tana wajen Naira 300. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a watan Fabrairu na shekarar, kafin ta ƙare lita ta haura Naira 700, a farkon 2024 kuwa ta wuce 1,000. Ran 29 ga watan Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin fetur. Litar da a ke sayarwa ƙasa da Naira 200 a farashin Gwamnati ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta yi ta hawa har ta ƙetare 1,000 a 2024. Masu aiki da lantarki ma ba su tsira ba, gama a watan Afrilu na 2024 hukumar da ke tsara farashin wuta ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya daga wajen Naira 68 zuwa 225 ga waɗanda ke rukunin farko, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana. Manyan masana'antu da yawa kuwa a wannan rukuni su ke.

Bayan kakar 2023, ran nan da la'asar, maigidana ya kira ni ya ce, "Malam, shanshera tana shigowa, inji yana kuka tun hantsi har bayan isha, amma ni ban ga inda kuɗin ke shiga ba. Ko dai in sallami yara biyu daga cikin ma'aikata, ko kuwa in ƙara kuɗin casa." Na ce, "Ranka ya daɗe, in ka ƙara kuɗin casa matan nan za su kwashe kayansu su kai wani injin. In kuwa ka sallami yaran, ka san kowannensu akwai iyali a bayansa." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ya ji labari a rediyo wai akwai rancen da a ke ba masu injuna domin su sabunta kayan aikinsu. Shi a ganinsa maganin abin shi ne ya sayi babban janareto wanda ya fi na yanzu, ya haɗa komai a kansa.

Muka shirya muka tafi wani banki a birni. Ma'aikacin da muka samu ya karɓe mu da mutunci, ya saurari maigida har ya gama, sa'an nan ya yi tambaya uku. Ya ce, "Alhaji, lita nawa injinka ke sha a wata? Buhu nawa ya ke casawa da wannan man? Idan ka sayi sabon janareton, lita nawa za ka rage, a wata nawa kuma zai mayar da kuɗinsa?" Maigida ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Jama'a, ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba. Shekara da shekaru ina rubuta "kuɗin mai" a littafi, Naira kaza ran kaza, amma ko sau ɗaya ban taɓa rubuta lita ba, ban taɓa rubuta awar da inji ya yi yana aiki ba, balle in raba man a kan buhunan da aka casa. Laifin ba na bankin ba ne, namu ne, nawa ma ya fi yawa, da ya ke ni ne mai alƙalami. Muka komo gida hannu wofi, ga kuɗin mota mun yi asara.

Wannan kunya ce ta sa na zauna na bincika wane irin taimako ne a ke yi wa masana'antu a kan tattalin mai da wuta, waɗanne ne kuma ke samunsa. Na tarar iri uku ne. Na farko awo, watau a aiko maka da masani ya zagaya gidan aikinka da na'urorinsa, ya nuna maka inda mai da wuta ke zurarewa, ya rubuta maka abin da kowane gyara zai ci da abin da zai mayar. Na biyu rance mai sauƙin ruwa da tsawon wa'adi, domin sayen inji mai ƙarancin ci. Na uku tallafi, watau Gwamnati ko wata ƙungiya ta ɗauke wani kashi na kuɗin kayan.

Duka ukun an yi su a Nijeriya. A 2013 aka fara wani shiri mai suna NESP, da kuɗin Tarayyar Turai da na Gwamnatin Jamus, hukumar Jamusawa ta GIZ ke gudanar da shi tare da Ma'aikatar Lantarki ta Tarayya. A cikin ayyukansa akwai horar da masu awon makamashi, da taimakon masana'antu su bi wata ƙa'ida ta duniya mai suna ISO 50001, wadda aka fitar a 2011. Sunan yana da ban tsoro, amma abin da ta ƙunsa bai wuce wannan ba: ka san abin da ka ke ci, ka sa wa kanka iyaka, ka naɗa mutum ɗaya mai lura, ka riƙa dubawa kana gyarawa. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa ta makamashi mai sabuntuwa da tattalin makamashi. A wajen 2020 hukumar raya ƙasashe ta Faransa ta kawo shirin SUNREF, ta zuba kuɗi ta hannun waɗansu manyan bankuna domin a ranta wa masana'antun da za su rage cin wuta ko su koma ga hasken rana, ƙungiyar masu masana'antu ta Nijeriya, MAN, tana cikin aikin. Akwai kuma Bankin Masana'antu, wanda aka kafa a 2001 domin ranta wa masu sana'a manya da ƙanana. Ta wajen karkara, Bankin Duniya ya amince da rancen Dala miliyan 350 a 2018, da kuma Dala miliyan 750 a watan Disamba na 2023 a shirin DARES, duka ta hannun Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, wadda ke biyan tallafi ga kamfanonin da ke kafa ƙananan tashoshin hasken rana a garuruwan da wuta ba ta wadata ba.

Ashe taimako yana nan. Amma ku lura da abu guda: babu ɗaya daga cikin ƙofofin nan da a ke buɗewa da baki. Wanda zai ranta maka kuɗi domin ka rage shan mai, dole ya ga abin da ka ke sha yau a rubuce, gama daga ragowar nan za ka biya shi. Babbar masana'anta tana da rajista, tana da akawuna, tana da rasidin wuta na kowane wata, tana da injiniya mai jin Turanci wanda zai je taro a Legas ko Abuja. Mu kuwa a nan jarka mu ke aikawa wurin 'yan bumburutu, in ta ƙare a sake aikawa. Shi ya sa ruwan ke zuba inda ya tarar da randa a buɗe, ya wuce mu.

Da na gane haka sai na sayi sabon littafi na ja masa layi biyar: kwanan wata, litar da aka zuba, lokacin da aka tayar da inji da lokacin da aka kashe, buhunan da aka casa, da kuɗin itace. Na sami sanda na yi mata zane-zane domin auna tankin mai safe da yamma. Ma'aikata suka yi ta yi mini dariya, suna cewa Malam ya zama mai awon hatsi. Kafin wata biyu dariyar ta tsaya, domin littafin ya fara tona abubuwan da kullum mu ke gani da ido amma ba mu taɓa lissafa su ba.

Abu na farko, injinmu ya kan daɗe yana juyawa babu komai a cikinsa. Mace za ta kawo kwano goma a casa mata, sa'an nan a bar inji yana kuka a jira mai zuwa, wai tayar da shi wahala ne. Muka tsayar da lokaci: a tara aiki da safe, a tayar sau ɗaya a gama, a kashe, a sake tarawa zuwa la'asar. Abu na biyu, bel ɗin da ke juya injin casa ya saki, yana zamewa, ƙarfin da ya kamata ya tafi ga shinkafa yana tafiya a zafi da ƙara. Abu na uku, matatar iska ta cushe da ƙurar ɓuntu, inji ba ya samun numfashi, yana fitar da baƙin hayaƙi. Baƙin hayaƙi kuwa mai ne wanda bai ƙone ba, watau kuɗinka ne ke tashi sama. Abu na huɗu, akwai wani ɗan bututu da ke ɗiga, ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, kowa ya saba da ita. Abu na biyar, mu kan karɓi shinkafar da ba ta gama bushewa ba, inji ya yi ta fama da ita, ta fito a kakkarye. Masana sun ce shinkafar casa ta fi kyau idan damshinta yana wajen kashi 14 cikin 100. Duk gyaran nan bai ci komai ba sai ladan makaniki da ɗan canjin hali.

Sa'an nan muka zo kan janareto, wanda dominsa muka je banki tun farko. Ashe wanda mu ke da shi ma ya fi ƙarfin aikinmu. Da dare a kan bar shi yana ruri domin ƙwayayen fitila da keken ɗinkin buhu da cajin waya kaɗai. Janareton gas, idan an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa, ya kan ba da wajen yunit 3 na wuta a kowace lita, gama kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man ne kaɗai ke zama lantarki, saura zafi ne da hayaƙi. Idan kuwa kayan sun yi masa kaɗan, abin da ya ke bayarwa a lita ya kan ragu ƙwarai. Ku lissafa: in lita tana Naira 1,000, yunit ɗaya ya haura Naira 300 ke nan tun ba a sa kuɗin baƙin mai da gyara ba, ya fi ma kuɗin nan 225 da manyan masana'antu suka yi ta kuka a kansa. Ga kuma fitilu. Tsohon ƙwai mai zafi na wat 60 da sabon ƙwan LED na wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. Tsofaffi 10 a awa 10 za su ci yunit 6, sababbi 10 kuwa ba za su cika yunit 1 ba. Da muka canza fitilun, sai ɗan faifan sola da batir suka ɗauke aikin dare, janareto ya huta. Da an ba mu rancen nan ran da muka nema, da mun ci bashi mun sayo wa kanmu ƙarin asara.

Bari in yi wa 'yan'uwana lissafi na misali, kowa ya sa nasa adadin. Mu ɗauka injinka yana shan lita 20 a rana, mu sa lita a Naira 1,000 domin lissafi ya yi sauƙi. Naira 20,000 ke nan a rana. In kana aiki kwana 25 a wata, Naira 500,000. Idan ka rage kashi 10 cikin 100 kaɗai, ka tsirar da Naira 50,000 a wata, 600,000 a shekara. In wani gyara zai ci Naira 300,000, a wata 6 ya mayar da kuɗinsa, abin da ya biyo baya riba ce. Wannan ita ce amsar tambaya ta uku da mutumin banki ya yi mana, ba a kuwa iya ba da ita sai da layukan nan biyar.

Akwai kuma zancen itace, wanda ya fi damuna. Kowane buhun shanshera mai kilo 100 yana ba da ɓuntu wajen kilo 20. A bayan injunanmu ɓuntun nan ya taru ya zama tsauni, wani lokaci a cinna masa wuta ya yi kwanaki yana hayaƙi yana damun maƙwabta. A gefe guda kuma matan da ke gumi suna sayen itace da tsada, su hura shi a murhu mai duwatsu uku, wanda yawancin zafinsa iska ke kwashewa. Itacen nan daga dazuzzukan fadamarmu ya ke fitowa, har da wajen Baturiya, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu. Akwai murhun da a ke ƙerawa musamman domin ƙona ɓuntu, maƙeri mai walda yana iya yinsa in an nuna masa. A jihar Bihar ta Indiya har lantarki aka riƙa samar wa ƙauyuka da ɓuntun shinkafa. Masu bandar kifi kuma su dubi Gana, inda tun 1969 aka ƙirƙiro murhun banda mai suna Chorkor, wanda a ke jera faranti a kan faranti a kan wuta ɗaya, a gasa kifi mai yawa da itace kaɗan. Idan za a yi tallafi a ƙasarmu, ban ga inda zai fi saurin amfani ba kamar a murhun gumi da na banda, gama kuɗinsu kaɗan ne, masu cin moriyarsu kuwa mata ne da talakawa.

Na san abin da waɗansu za su ce. Wani zai ce, "Malam Akawu, ka bar wahalar da mu, a gyara mana wutar Gwamnati kawai." Gaskiya ne, ina tare da shi a wannan roƙo. Amma ko wutar ta zo ba kyauta za ta zo ba, injin da ke ɓarna da gas zai yi ɓarna da lantarki. Wani kuma zai ce, "In na rubuta komai, masu haraji za su gani." Wannan tsoro na san da shi. Amma ya auna: wanda ya ɓoye littafinsa ga mai haraji ya ɓoye shi ga mai rance, ya kuma ɓoye shi ga kansa, yana biyan harajin da ya fi kowane nauyi ga bututu mai ɗiga. Ina kuma jan kunnen 'yan'uwa da abu biyu. Rance bashi ne ko da ruwansa kaɗan ne, kada a karɓa sai an ga a rubuce inda za a biya. Sa'an nan a yi hankali da masu yawo ƙauye-ƙauye suna karɓar kuɗin fom da sunan tallafi. Duk wanda ya zo da irin wannan, a kai zancen gaban dagaci ko sakatariyar ƙaramar hukuma a tabbatar tukuna.

Yanzu kuma, Edita, ina so in juya ga hukuma, da ladabi. Ƙasashen da suka ci gaba a wannan fanni wahala ce ta koya musu, kamar yadda ta ke koya mana. Bayan tsadar man da ta girgiza duniya a 1973, Japan ta yi doka a 1979 wadda ta wajabta wa manyan masana'antu naɗa ma'aikaci mai lura da makamashi. Amurka kuwa ta yi wata dabara da ta fi kama da buƙatarmu. Tun 1976 Gwamnatinsu ta fara ba waɗansu jami'o'i kuɗi domin malaman injiniya da ɗalibansu su riƙa zuwa ƙananan masana'antu da matsakaita, su yini suna awo, su komo su rubuta wa mai wurin shawara, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Mai masana'anta ya sami ido, ɗalibi ya sami hannu a aiki, ƙasa ta sami ragowar mai.

Me zai hana a yi irin wannan a Jigawa? Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗejiya, ga Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, ga Jami'ar Tarayya a Dutse, ga Kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure. Ɗalibai suna neman wurin koyon aiki kowace shekara, injunanmu kuma suna neman mai dubawa. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara al'amarin wuta a cikin iyakokinsu, saboda haka ba sai an jira Abuja ba. Roƙona huɗu ne. A horar da ɗalibai da makanikai na gida su riƙa zagaya injuna suna awo kyauta. A buga takardun neman rance da na tallafi da Hausa, a karanta su a rediyo, a bayyana sharuɗɗansu a ranakun kasuwa. A yarda ƙananan masu injuna su nemi rance a ƙungiyance, suna lamuntar juna, tun da ɗayansu ba shi da takardar fili da zai jinginar. Sa'an nan a riƙa biyan tallafi bayan an zo an ga kayan suna aiki, littafi kuma ya nuna an rage mai, domin kada injin tallafi ya kwana a kasuwa washegari.

Mu ma masu injuna akwai namu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masanin awo ba zai taso daga Kano saboda inji ɗaya ba, amma in masu casa na Guri da Kadira da Abunabo da Adiyani suka haɗu suka yi rajistar ƙungiya ɗaya, suka buɗe asusu ɗaya, kowa da littafinsa na wata 12, to sun zama abin da banki zai saurara wa, abin da kamfanin sola zai yi sha'awar kafa wa tasha. Kamfanonin nan suna neman garin da ke da injuna masu aiki da rana, gama su ne ke sayen wuta lokacin da rana ta ke bayarwa.

Masu karatu za su so su ji ƙarshen labarinmu. Yaran nan biyu suna nan a bakin aikinsu, kuɗin casa kuma ba mu ƙara ba a kakar nan. Rancen ba mu karɓa ba har yanzu, maigida ya janye zancen babban janareto da bakinsa. Abin da ya ke tunani yanzu shi ne injin ɓarar shinkafa mai naɗin roba, wanda ba ya kakkarya ƙwaya kamar tsohon mai ƙarfe, da murhun ɓuntu domin matan da ke yi mana gumi. Ran da za mu koma banki, littafi na fiye da shekara guda zai riga mu shiga. Ran nan ya ɗauki littafin yana jujjuyawa, ya ce, "Malam, ashe ɓarawon yana cikin gida." Na ce, "Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, amma sai in ya ɗaga kai ya duba."

A ƙarshe ina roƙon 'yan'uwana masu injuna da akawunansu na Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Birniwa da Malam Madori, har da maƙwabtanmu na Nguru da Gashuwa, kowa ya auna na wata ɗaya, ya raba litarsa a kan buhunansa, ya aiko wa Edita da abin da ya samu, tare da irin injinsa. In muka jera su a wannan fili, wanda injinsa ke sha fiye da na maƙwabcinsa zai sani, ya je ya tambaye shi abin da ya ke yi. Mako mai zuwa, in muna cikin masu rai, zan yi zancen injin ban ruwa na fetur da na hasken rana, in kwatanta kuɗinsu ga manomin alkama.

Haza wasalam.

Naka mai biyayya,
Akawun Guri.